Allurar Mura ta Shekara-Shekara: Me Take Bari a Jikin Mutum?



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa tambaya ce wadda ba a cikin aji aka haife ta ba. A zaure ake yin ta, da bakin kasuwar rake, da wurin rakiyar maniyyata. Dattijon da Allah ya hore wa zuwa Umra kowane azumi, ko malamar asibitin da aka ce ta riƙa karɓar allurar mura duk shekara, sai su dubi ɗansu ko ƙanensu da ke jami'a su ce, shin wannan allura da ake ta maimaitawa ba ta taruwa a jiki kuwa, ba ta kuma raunana shi? Amsoshi biyu muka saba bayarwa, kuma duka biyun na ragwanci ne. Wani ya ce ai likitoci sun gwada, a yi shiru a miƙa hannu. Wani kuwa ya ce makircin Turawa ne, a guje ta. Wanda ya ci kuɗin talakawa ya yi karatu bai kamata ya sallami mahaifinsa da ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Da farko sai mun raba abu biyu da harshenmu ya haɗa a suna ɗaya. Akwai murar da kowa ya sani, ta atishawa da yoyon hanci, wadda kan zo da hunturu ta wuce cikin 'yan kwanaki, kuma babu allurar rigakafinta. Akwai kuma babbar mura, watau infuluwenza, mai kayar da ƙato da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wadda kan gangara huhu ta kashe tsoho ko jariri ko mai juna biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe tsakanin mutum 290,000 da 650,000 kowace shekara ta hanyar ciwon numfashi. Kakanninmu sun san ta farin sani. Ita ce Marisuwa ta 1918, wadda ta sauka Ikko daga jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, hanyar nan da ta ratsa Zariya da Likoro da Gimi ta nufi Kano. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa ta hallaka kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. Saboda haka duk wanda ya ce ai mura ce kawai, to, bai tambayi tsofaffi ba.

To, me ya sa sai an maimaita allurar? Iyayenmu da yawa suna ɗauke da tabon lamba a dantse, wadda aka yi musu a gangamin yaƙi da agana na 1967 zuwa 1970, kuma a 1980 aka shelanta cewa agana ta ƙare a duniya. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ƙwayar agana ba ta sauya kama. Ƙwayar infuluwenza kuwa hawainiya ce. Kowace shekara sai ta ɗan canja rigar da garkuwar jiki ke gane ta da ita, sa'an nan kuma kariyar da allurar ta bayar ita ma tana raguwa bayan wasu watanni. Don haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya take zama sau biyu a shekara, a watan Fabrairu domin ƙasashen arewacin duniya, a watan Satumba kuma domin na kudanci, ta yi hasashen irin ƙwayoyin da za su yi yawo, kana kamfanoni su haɗa sabuwar allura, yawanci ta hanyar renon ƙwayar a cikin ƙwan kaza sa'an nan a kashe ta. Hasashe kuwa wani lokaci ya dace, wani lokaci ya kauce. A shekarar da ya dace, allurar kan rage haɗarin kamuwa da kimanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100. Wannan ba katanga ba ce mai hana komai wucewa, kuma ya kamata a riƙa faɗa wa mutane haka tun kafin a tsira musu.

A nan ƙasarmu allurar infuluwenza ba ta cikin jerin alluran da ake yi wa yara kyauta a asibitocin gwamnati, irin su ta tarin fuka da ƙyanda da shan inna da shawara. Manomin tumatir a Ikara, ko mai dafa mazarƙwaila a ƙasar Kudan, zai iya ƙare rayuwarsa bai taɓa ganin ta ba. Masu haɗuwa da ita su ne mahajjata da masu Umra, domin hukumomin lafiya na Saudiyya suna ba da shawarar a yi ta, ban da ta sanƙarau wadda ita dole ce. Sai ma'aikatan lafiya, da masu fita karatu ko aiki ƙasashen sanyi, da waɗanda likita ya rubuta wa saboda asma ko ciwon sukari ko ciwon zuciya ko sikila. Ba su da yawa, amma su ne masu faɗa a ji a gari, kuma abin da suka dawo suka faɗa game da allura ɗaya yakan shafi yadda unguwa za ta karɓi sauran alluran duka.

Bari mu zo ga illolin. Waɗanda aka fi gani ƙanana ne: dantse ya yi tsami ko ya ɗan kumbura, jiki ya yi nauyi, kai ya sara, wani ya ji ɗan zazzaɓi, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu su wuce. Allurar da ake tsirawa a dantse ba ta ɗauke da ƙwaya mai rai, don haka ba za ta iya sa wa mutum infuluwenza ba. Wanda ya ce an yi masa allura sai ga mura, galibi ko dai ya riga ya kwaso ta a cunkoson sansanin alhazai, domin kariyar ba ta kankama sai bayan kimanin mako biyu, ko kuwa wata murar ce daban wadda allurar ba ta da ruwa da ita. Game da taruwa a jiki kuwa, abin da ke cikin allurar ɗan kaɗan ne ƙwarai, rabin mililita ne da ruwansa da komai, kuma jiki yana narkar da shi ya fitar kamar yadda yake yi wa sauran baƙin abubuwa. An shafe shekaru fiye da 60 ana yi wa tsofaffi da ma'aikatan asibiti wannan allura duk shekara a Amurka da Turai, ba a kuwa ga alamar cewa tsamin dantse ko zazzaɓin yana ƙaruwa da yawan shekarun da mutum ya yi yana karɓa ba.

Amma akwai illoli masu nauyi, kuma ɓoye su cin amana ne. Akwai bugun nan na farat ɗaya da jikin wasu kan yi idan bai karɓi wani sinadari ba, numfashi ya sarƙe, fuska ta kumbura. Yana faruwa ga kimanin mutum 1 cikin miliyan, kuma shi ya sa ake cewa mutum ya zauna minti 15 bayan allura a inda akwai maganin gaggawa. Akwai kuma wata cutar jijiya da ake kira Giyan-Bare, wadda kan fara da sanyin ƙafafu ta hau sama har ta shanye jiki na wani lokaci. Labarinta ya fito fili ne a 1976. A farkon shekarar wani soja ya mutu da murar aladu a barikin Fort Dix a Amurka, gwamnatin Shugaba Gerald Ford ta ji tsoron dawowar irin annobar 1918, ta yi wa mutum fiye da miliyan 40 allura cikin gaggawa. Annobar ba ta zo ba, amma aka lura cewa cikin kowane mutum 100,000 da aka yi wa allurar an sami ƙarin kimanin mutum 1 da wannan shanyewar jiki, sai aka dakatar da shirin a watan Disamba. Tun daga nan ake sa ido, kuma a alluran shekara-shekara abin da aka gano bai wuce ƙarin mutum 1 ko 2 cikin miliyan ba. Daɗin daɗawa, ita kanta infuluwenza tana jawo wannan cutar jijiya fiye da yadda allurar ke jawowa. Duk da haka, wanda ya taɓa samun irin wannan shanyewa cikin makonni shida bayan allurar mura, wajibi ne ya gaya wa likita kafin a sake yi masa.

Sau biyu kuma a 'yan shekarun baya an sami allurar wani kamfani guda ta zo da matsala. Bayan annobar 2009, a Finlan da Suwidin an ga ƙaruwar wata lalura a tsakanin yara da matasa da aka yi wa allurar Pandemrix, lalurar da kan sa barci ya riƙa sace mutum da rana tsaka ba shiri, kuma ba ta warkewa. An daina amfani da wannan allura. A 2010 kuma Ostareliya ta dakatar da yi wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 allurar mura na ɗan lokaci saboda wata mai suna Fluvax ta riƙa jawo zazzaɓi mai zafi da jijjiga. Abin lura a nan shi ne yadda aka gano su. Likitoci ne suka rubuta abin da suka gani, hukuma ta tattara, ta ƙirga, ta ga adadin ya zarce na kullum. Za mu dawo kan wannan, domin a nan ne namu raunin yake.

Yanzu ga ainihin inda masana suka daɗe suna kai ruwa rana, wanda kuma ya fi kusa da tambayar dattijonmu. Shin maimaita allurar yana rage mata ƙarfi? A shekarun 1970 wani likitan makarantar kwana ta Christ's Hospital a Ingila, mai suna Hoskins, ya bi diddigin ɗalibansa a ɓarkewar mura uku, ta 1972 da 1974 da 1976, ya kuma wallafa a 1979 cewa yaran da aka yi ta maimaita wa allura ba su tsira fiye da sauran ba idan aka haɗa lissafin shekarun. Maganar ta tayar da ƙura. Daga baya wasu masana suka soki yadda ya yi lissafinsa, kuma wani bincike na shekara biyar da aka yi a birnin Houston daga 1983 bai sami raguwa mai ɗorewa ba. Sai dai tambayar ta ƙi mutuwa, domin tun 1960 wani masani Ba'amurke, Thomas Francis, ya riga ya nuna cewa garkuwar jiki tana da wata ɗabi'a ta riƙe sanin fari: irin murar da ta fara haɗuwa da ita a ƙuruciya ita take fi tunawa, kuma idan sabuwa mai kama da ita ta zo, sai ta fito da tsohon makami.

Mu kwatanta da mai gadin gonar rake a fadamar Makarfi. Bara an nuna masa ɓarawo mai jar hula, ya haddace kamanninsa. Bana aka sake nuna masa wani mai jar hula, ya ce ai na san shi, bai ko ƙara dubawa ba. Ashe ɓarawon da zai shigo bana ya sake shiga, baƙar hula ya sa. Mai gadin da aka ɗauka yau, wanda bai taɓa ganin kowa ba, ya fi zura ido ga abin da aka nuna masa. Wannan shi ne, a taƙaice, bayanin da Derek Smith da abokan aikinsa suka kawo a 1999: idan allurar bara da ta bana kusan iri ɗaya ne, alhali kuwa ƙwayar da ke yawo ta yi nisa da su, to, allurar bara tana iya dushe amfanin ta bana. An ga haka ƙarara a Kanada a hunturun 2014 zuwa 2015, lokacin da nau'in H3N2 ya kauce wa hasashe, waɗanda aka yi wa allura shekaru a jere suka sami kariya ƙasa da waɗanda aka yi wa a shekarar kaɗai. A Kanada ɗin dai, a 2009, masu bincike sun ga cewa waɗanda suka karɓi allurar shekarar da ta gabata sun fi zuwa asibiti da sabuwar murar annoba ta H1N1, ko da yake binciken wasu ƙasashe bai zo da sakamako iri ɗaya ba.

A 2023 mujallar likitanci ta Lancet, a reshenta na cututtukan numfashi, ta buga wani nazari da ya tattara bincike masu yawa na ƙasashe daban-daban. Ya tabbatar da cewa raguwar gaskiya ce: wanda aka yi wa bara da bana, kariyarsa ta gaza ta wanda aka yi wa bana kaɗai da kimanin maki 9 cikin 100 a kan H1N1, maki 18 a kan H3N2, da maki 7 a kan nau'in B. Amma nazarin ya nuna wani abu na biyu wanda masu yaɗa rabin labari a waya ba sa faɗa, watau wanda aka yi wa bara da bana ya fi kariya a kan wanda aka yi wa bara ya tsallake bana, ya kuma fi wanda ba a yi wa ko ɗaya ba. Mutumin da aka riga aka yi wa bara ba shi da ikon komawa ya zama sabo. Zaɓinsa biyu ne kawai, ya karɓa bana ko ya bari, kuma karɓar ta fi. A ganinmu, ga tsoho mai shekara 70 da ciwon sukari wanda zai shiga cunkoson ɗawafi, ko malamar da ke kwana a ɗakin yara marasa lafiya, lissafin bai da wuya. Saurayi lafiyayye mai noman barkono a ƙauyensu kuwa, wanda kuɗin allurar zai fito daga aljihunsa, ba ma ganin laifinsa in ya fara kai ƙanensa a cika masa allurar ƙyanda.

Kada kuma mu raina tsoron jama'armu, domin yana da tushe. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, shari'a ta yi ta jan ƙafa har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, amma a kunnen talaka duk tafiyar ɗaya ce. Da wannan miki a zuciya aka shiga 2003, sa'ad da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da Zamfara da nan Kaduna bisa zargin yana hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yuli na 2004, da maganin da aka sayo daga Indunisiya, sakamakon haka kuwa cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma sai a watan Agusta na 2020 aka shelanta kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Afirka. Tambayar da iyaye mata suka riƙa yi wa masu bi gida-gida ita ce dai tambayar yau: me ya sa kullum ake dawowa? Ba a cika tsayawa a ba su amsa ba. Kuɗin wannan rashin amsa yara ne suke biya, kamar yadda muka gani a 2023 da mashaƙo ya ɓulla a jihohin Arewa har da ƙasar Makarfi, cutar da allurarta ke nan kyauta tun shekaru aru-aru.

Abin mamaki, mu mutane ne masu son allura in muna ciwo. Mai zazzaɓi in aka ba shi ƙwaya bai ga an yi masa magani ba sai an tsira masa, ko da a bayan shagon kemis ne. Illar da ta fi kusa da mu kuwa tana nan ne. Allurar mura tana bukatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta yi zafi ko ta daskare ta lalace, kuma kowa ya san halin wutar lantarki daga Zariya zuwa Ikara. Akwai jabu: a 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, dubban mutane aka yi wa allurar da babu magani a cikinta. Akwai sirinjin da aka maimaita, mai kawo ƙurji da ciwon hanta. Akwai kuma hannun da bai ƙware ba, wanda kan soka allura can sama kusa da gaɓar kafaɗa ya bar mutum da ciwon watanni. Wanda zai karɓa ya karɓa a asibitin da aka sani, ya ga an ciro kwalbar daga sanyi, ya duba ranar ƙarewarta da lambar NAFDAC, ya ga an ɓare sabon sirinji a gabansa. Masu kiwon kaji kuma su sani cewa wannan allura ba ta kare su daga murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Afirka a wata gona da ke Jaji, cikin jiharmu, a watan Fabrairu na 2006.

Yawancin alƙaluman da muka kawo a kan allurar daga Kanada da Ingila da Amurka suka fito, daga jikin mutanen da yanayinsu da abincinsu da cututtukansu suka bambanta da namu. Nijeriya ta fara sa ido a kan infuluwenza a wasu zaɓaɓɓun asibitoci tun 2008, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, NAFDAC kuma tana da takardar kai rahoton illar magani, da manhajar waya mai suna Med Safety da ta ƙaddamar a 2020. Amma takarda ba ta cika kanta. Da yawa daga cikin masu sauraronmu za su zauna a teburin sashen lafiya na ƙaramar hukuma, ko ofishin alhazai, ko ɗakin allura a Ikara da Makarfi da Hunkuyi, wasunku ma a kwalejin koyon aikin lafiya ta Makarfi suka fara. Abin da muke roƙo a gare ku ba ya bukatar kasafin kuɗi. A rubuta a katin kowane mutum sunan allurar da lambar rukuninta da ranar da aka yi. A tambaye shi ko an yi masa bara, da abin da ya ji bayanta. In ya dawo da ƙorafi, ko da kuna ganin ba allurar ba ce, a cika takardar a aika, a kuma gaya masa an aika. In maniyyatan ƙananan hukumomin nan uku kaɗai aka bi haka shekara biyar a jere, malamanmu na asibitin koyarwa da ke Shika za su sami abin da za su ƙirga.

 Shugaba, ga abin magana nan, mai tambaya ya miƙe.